Gwajin Mai a Dogon Gangare

Da hantsi rahoton ya iso ofishin 'yan sanda. Wata babbar mota mai jan tirela ta ƙwace a dogon gangaren da ke bayan gari. Mutum ɗaya ya mutu nan take, ɗaya kuma yana asibiti rai a hannun Allah.

Haɗarin mota ba aikin Sufeto ba ne, akwai masu kula da hanya. Amma tun kafin a ɗauke gawar rigima ta kaure. Masu son sayen motar sun ce birki ne ya ƙi, kamfanin da ke sayar da ita ya ce ƙarya ne, ganganci aka yi. Inda kuwa aka ambaci ganganci ga gawa a kwance, dole a nemi Sufeto.

Shi dama mutum ne da kujera ba ta riƙe shi. A tsaye yake karatu, a tsaye yake amsa waya, in ya rasa abin yi sai ya kama murfin biro ya yi ta tauna. Kafin Saje ya gama ɗaura igiyar takalmi har ya zauna a mota yana danna masa ham.

Motar baƙa ce, sabuwa dal, irin ƙosassun nan masu ƙofa huɗu da aka ƙera don jan kaya da doguwar tafiya. Ta daki bangon dutse da gefen fasinja, tirelar ta juyo ta manne mata, buhunan yashin da ke ciki sun watse a kan kwalta.

Saje ya tattaro bayani. Mamacin wakilin kamfanin motocin ne, a kujerar gaba aka ciro shi. Wanda ya ji rauni an same shi kwance a ƙasa, daidai ƙofar direba. Direba ne a wani ƙaramin kamfanin jan kaya, kuma yana auren 'yar mai kamfanin, wani tsoho da kowa ke kira Baba Mai Tirela. Tsohon da babban ɗansa, wanda ake ce wa Manaja, su suka kira motar asibiti. Sun ce suna biye a wata farar mota.

Sufeto ya bi kwaltar sama ya dawo ƙasa, ya sake komawa. Ko ɗigon zanen taya bai gani ba. Ya leƙa ta tagar direba, ya daɗe kansa yana ciki.

"Wa ya taɓa makullin nan?"

"Babu, yallaɓai. Masu kula da hanya sun ce haka suka same shi."

"A kashe yake. Mota in ta daki dutse takan mutu da kanta, amma ban taɓa jin wadda ta murɗa makullinta baya ba."

Ya cire biro daga baki, ya ce su wuce kamfanin motocin.

Mai kamfanin motocin mace ce, kuma idanunta sun kumbura. Wakilin nan tun tana da fili ɗaya da motoci kaɗan suke tare. Ba ta iya zama ba ita ma, sai suka yi maganar suna tafiya tsakanin motocin da ke jere a ɗakin nuni.

Ta ce Baba Mai Tirela da ɗansa sun daɗe suna sintiri a wurin. Tsohuwar motarsu ta gaji, suna son wadda za ta ja tirela mai nauyi ta yi nisa ba tare da ta cinye ribar a mai ba. Manaja ya kafe a kan farar, don injinta ya fi ƙarfi a hawa. Tsohon ya kafe a kan baƙar, don an ce masa ba ta da shan mai. Kullum suka zo sai sun yi cacar baki har masu wanke mota su tsaya kallo.

"Tsohon nan," in ji ta, "da za a iya matse hayaƙin salansa ya koma tanki, da ya matse."

Marigayin ne ya kawo shawarar da yake ba duk masu irin wannan gardama. A cika tankunan biyu har baki, a ɗaura wa kowace tirela mai nauyi ɗaya, a haye tudu a juyo, a sake cikawa a famfo ɗaya. Wadda ta sha kaɗan ita ce ta ci. Manaja ya ja farar, surukin tsohon ya ja baƙar, wakili ya zauna kusa da shi.

Da Sufeto ya ambaci makullin sai ta tsaya cak. Ta buɗe masa wata irin baƙar, ta ce ya shiga, kada ya tayar da ita, ya taka birki. Ya taka, ya nutse da laushi. Ta ce ya ƙara. Ya ƙara, ya ji ya fara tauri. Kafin ya farga birkin ya zama kamar dutse, ya sa duk ƙarfinsa bai motsa ba. Sitiyarin ma ya ƙi juyawa sai da kokawa.

"Inji ne ke ba su ƙarfi," ta ce. "Ka kashe shi a gangare da tirela tana turo ka, sai dai Allah."

"To wane ne zai kashe inji a gangare?"

"Mai tsimin mai. Direbobin da suna yi. Su cire giya su sa ta a furi su kashe inji, ta gangara da kanta. Motocin wancan zamani ba ruwan birkinsu da inji."

A hanya Saje ya ce ai magana ta fito. Direban ya so ya faranta wa surukinsa ne, ya kashe inji don baƙar ta ci gwaji. Sufeto ya ce yana iya yiwuwa. Amma gwiwarsa ba ta daina rawa ba har suka isa asibiti, kuma duk wanda ya yi aiki da shi ya san ma'anar wannan rawar: bai gamsu ba.

A ƙofar ɗakin majiyyacin an ajiye wani kofur, don ana tuhumarsa da kisa ta hanyar ganganci. Wannan gadi kam gadin banza ne, mutumin ko yatsa ba ya ɗagawa.

Likita ya ja Sufeto gefe. Ya ce kan zai warke, da alama zai farka. Bayan ne matsalar. Ƙashin ya karye a haɗarin, amma abin da ya fi muni shi ne an motsa shi. Dugadugansa da ƙugunsa duk sun kuje, alamar jan sa aka yi a ƙasa. Da an bar shi inda yake har ma'aikata su zo, da akwai fata. Yanzu kam zai yi wuya ya sake takawa.

Sannan ya yaye bargon ya nuna masa ƙirjin. Bel ɗin kujera ya bar shatinsa ja wur, daga kafaɗa zuwa ƙugu.

Sufeto ya gwada a jikinsa yadda direba ke ɗaura bel. Ya sake gwadawa. Shatin daga ɗaya kafaɗar ya sauko. Wannan mutum a gefen fasinja yake zaune, tunda kuwa wakili na gaba, to a bayansa yake.

Matar direban tana zaune a bakin gado tana goge wa mijin goshi da tsumma. Tsohon ciki gare ta. Ta gaishe da Sufeto ba tare da ta ɗago ba, sannan ta tambayi abin da ke cinta.

"Yallaɓai, da gaske ne in ya farka kotu za ku kai shi?"

"In shi ya yi."

"Bai taɓa ko gogar madubin motar wani a hanya ba."

"An kashe injin a gangare. Kin san mai irin wannan ɗabi'ar?"

Hannunta ya tsaya a kan goshin.

"Ni me na sani game da mota?" ta ce.

Ƙarya ce, kuma ba ta iya ta ba. 'Yar direba ce, matar direba, a cikin warin baƙin mai ta tashi. Sufeto ya ji tausayinta ya kama shi, don ya ga inda ta tsaya: gaba uba, baya miji. Bai matsa mata ba. Ya ce in ta tuna wani abu ta san ofishinsu.

Garejin Baba Mai Tirela fili ne mai katanga, cike da tsofaffin tayoyi da sarƙoƙi da tireloli masu tsatsa. Ofishin ɗaki ɗaya ne mai fanka mai kuka. Can Sufeto ya fara da Manaja, ya sa Saje ya tsare tsohon a waje da hira.

Manaja mutum ne mai tsabta da agogo mai sheƙi, amsoshinsa kuma sun fi agogon sheƙi. Tun kafin a gama tambaya ya miƙo su.

"Ina mahaifinka yake zaune?"

"Kusa da ni, a farar."

"Tun daga farko?"

"Har ƙarshe."

"Kun tsaya a hanya?"

"Ko kaɗan. Tsayawa ai tana ɓata gwaji."

"Wa ya fitar da mijin ƙanwarka daga mota?"

"Faɗowa ya yi. A ƙasa muka same shi."

"Da bel a jikinsa?"

Manaja ya ce wataƙila ya kwance. Ya ɗauki gorar ruwa, ya buɗe, ya rufe, bai sha ba.

Tsohon yana zaune a kan benci a inuwar wata tirela. Gajere ne, furfura ta cika masa kai, ga zafi amma rigarsa a rufe har wuya. Da Sufeto ya miƙa masa hannu bai miƙe ba, ya ɗan ɗago yatsu kawai, ya yamutsa fuska. Ya ce tsufa ne, haƙarƙarinsa ke damunsa.

Ya yi ta'aziyyar wakili da hawaye, kuma hawayen ba na ƙarya ba ne. Ya ce surukinsa ɗa ne a wurinsa, tsautsayi ne da ba ya wuce ranarsa.

"Kun tsaya a hanya, Baba?"

"A kan tudu, wurin juyawa. Ai ba a gangarowa da tirela ba a duba sarƙa ba."

Sufeto ya kalli Saje. Sun haɗa baki a kan manyan abubuwa, sun manta da ƙananan. Haka ramin ƙarya yake, ƙurarre ne.

Duk da haka zargi ba hujja ba ne. Tsohon zai iya cewa mantuwa ce, Manaja ya ce ruɗewa ce. Sufeto ya zagaya filin, ya shuri wata taya, ya dawo. Idonsa ya sauka a kan tsohuwar akori-kurar tsohon, wadda fentinta ya koɗe har ba a san launinta na asali ba. Sai ya tuna hanyar da suka biyo. Daga garejin zuwa gada gangare ne mai tsawo, ba mai tsanani ba.

Ya raɗa wa Saje ya tafi da motar ofis, ya ɗauki Manaja ya je ya rubuta bayani. Sannan ya juyo ya ce wa tsohon ga shi an bar shi a ƙasa, ko Baba zai taimaka ya rage masa hanya, in ya so ya sa hannu a nasa bayanin a can.

Tsohon bai so ba, amma ba a ce wa Sufeto a'a. Ya hau da ƙyar yana cije leɓe.

Da ya kama sitiyari sai ya zama wani mutum. Ƙafarsa ta san totur kamar yadda harshe ya san haƙori. Sufeto ya ce shi ma yana tunanin sayen babbar mota don kai iyali ganin gida, amma shan mai ke tsorata shi, ko Baba zai ba shi shawara.

Nan fa aka sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi. Ya ce kada ya yarda da abin da aka rubuta a takarda, don mota ba kaya daban ce da mota da kaya. Ya duba nauyin da za ta iya ja, ya bar mata sarari, kada ya cika ta har wuya. Ya ce iskar taya ma tana cin mai, haka gudu, haka saurin taka birki. Yaran yanzu ba su san darajar mai ba, suna taka totur kamar suna kashe kunama. Shi ya yi zamanin da za ka kwana a layi ka samu galan ɗaya, kuma da galan ɗin nan sai ya kai kaya inda wani ba zai kai da biyu ba.

Hancin motar ya sunkuya, gangaren ya fara. Tsohon yana tsaka da zance, idonsa a kan hanya, hannunsa ya tura giya furi, ya zarce wurin makulli ya murɗa.

Injin ya yi shiru. Sai ƙarar taya a kan kwalta da iska a taga.

Ya ƙara kalma biyu ko uku kafin ya ji shirun. Ya kalli hannunsa, ya kalli Sufeto.

"Taka birki, Baba," Sufeto ya ce a hankali. "Wannan tana da shi."

Suka tsaya a gefen hanya kafin gada. Tsohon ya kifa goshi a kan sitiyari. Sufeto ya ce ya buɗe maɓallin rigarsa. Bai yi gardama ba. Shatin bel ɗin yana nan baƙi ƙirin a ƙirjinsa, daga kafaɗar direba.

Hali zanen dutse ne. Abin da ya ciyar da iyalinsa da shi tsawon rayuwa, shi ne ya tona shi. Sufeto bai ji daɗin nasarar ba ko kaɗan. Ya karɓi makullin, shi ya ƙarasa tuƙin.

Da suka shiga ofis suka tarar da matar direban zaune a kan bencin jira, ta rungume jakarta a kan ciki. Ba wanda ya kira ta. Ta bar mijin da kofur ta zo da ƙafarta, kuma ba sai an tambayi abin da ya kawo ta ba. Da ta ga mahaifinta sai ta miƙe ta gaishe shi kamar kullum, har da rusunawa.

Tsohon ya roƙi a bar ta ta shiga. Sufeto ya yarda.

Bai ɓoye komai ba. Ya ce a farar ya fara tafiyar. Suna hawa yana kallon baƙar a gaba, yana jin kukan injinta, zuciyarsa tana tafasa. Ya raya a ransa surukin yana taka ta da gangan don zaɓin Manaja ya ci. A kan tudu ya sauka ya ce a ba shi sitiyari. Wakili ya ce ba a yin haka, shi kuwa ya yi masa jan ido irin na tsofaffi. Surukin ya koma baya ya ɗaura bel.

Ya rantse bai yi niyyar maguɗi ba. Hannunsa ne ya yi abin da ya saba. Wakili ya ce ya tayar da ita, amma birki ya riga ya daskare, tirela tana turo su, ga kwana. Hannayensa biyu suna kokawa da sitiyari, bai samu na kai wa makulli ba.

Da ya fito ya ga wakili ya cika. Manaja ya iso ya leƙa baya, ya ce wannan ma ba zai kai asibiti ba. Ya ce mamaci ba ya zuwa gidan yari, amma tsoho yana zuwa, kuma ba ya dawowa. Sai suka kwance bel ɗin, suka jawo shi, suka zagayo da shi ƙofar direba.

A ɗakin da ke kusa Manaja ya ci gaba da musu, har Saje ya gaya masa abin da mahaifinsa ya faɗa. Daga nan ya nemi ruwa, wannan karon ya sha.

Matar ba ta yi kuka ba duk tsawon bayanin. Sai da Sufeto ya ajiye biro ta yi magana.

"Baba, likita ya ce jan da aka yi masa ne ya kashe masa ƙafafu."

Tsohon ya ɗago a firgice. Bai sani ba.

"Uwata, wallahi mun zaci ya tafi."

"Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Da kuka kama shi, a sume yake?"

Sufeto, wanda bai taɓa iya tsayawa wuri ɗaya ba, ya tsaya. Tsohon yana iya cewa eh, babu mai ƙaryata shi sai wanda ke kwance a asibiti, shi ma wataƙila ba zai tuna ba.

"Idonsa biyu," ya ce.

"Ya yi magana?"

"Ya yi."

"Me ya ce?"

"Ya ce, 'Baba, ba ka ji ciwo ba dai?' Sannan da muka ɗaga shi ya ce, 'Baba, bayana. Ku bar ni a nan.'"

Ta dafa tebur ta miƙe a hankali saboda nauyin cikin. Ta juya wurin Sufeto ta tambaye shi ko yanzu za a ɗauke ɗan sandan daga ƙofar mijinta. Ya ce yanzu-yanzu, ya ɗaga waya ya ba da umarni a gabanta.

Saje ya shigo da ankwa. Sufeto ya girgiza kai, ya ce ba sai da ita ba. Tsohon ya tashi da ƙyar, Saje ya riƙe masa gwiwar hannu suka nufi ƙofar baya, inda aka riga aka shigar da Manaja. A bakin ƙofar ya waigo.

"Uwata."

Tana gyara mayafinta. Ta ji shi sarai, don hannunta ya ɗan tsaya. Sannan ta saɓa jakarta ta fita neman motar da za ta mayar da ita asibiti.